Madarar Baba da 'Yar Maraƙa

Shekarar da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Baba, na bar ɗakina a Akurba na koma gidanmu na Kwandere jinya. Ba abin da yake wuce masa maƙogwaro sai kunu da madara, kuma saniya ɗaya tal gare mu. Irin shanunmu kuwa, in ba maraƙinta a gindinta, ko ka kwana kana matsa hantsa ba za ta saki nono ba.

Sai ga 'yar maraƙar saniyar tamu da zawo. Idonta ya faɗa, in ka ja fatar wuyanta sai ta tsaya a tsaye. In ta mutu kuwa, abincin Baba ya ƙare.

Yayana ya dawo daga kasuwa da kafso ja da rawaya, zai farke mata a ruwa, wai kuma a ɗaure ta nesa da uwarta har cikin ya tsaya. Haka kowa yake yi a unguwar. Na ce, "Haba Yaya! Wancan maraƙin da aka yi wa haka, ina yake yau? Ai ƙishi da yunwa suka kashe shi." Ni dai bakina ba ya shiru, ya sani, sai ya kaɗa kai ya bar ni.

Na tafasa ruwa ya huce, na sa gishiri kaɗan da zuma da 'yar kanwa, na riƙa ɗura mata a hankali da kwalbar lemo. Tsakani kuma jiƙon bagaruwa. Na sauya mata shimfiɗa da busasshiyar harawa. Saura nono, wanda dole ta tsotsa ta ƙoshi, ga shi ba zai ishe su ita da Baba ba.

Ashe Baba yana jin gardamarmu ta taga. Da na kai masa kofinsa, ya ture da hannunsa mai lafiya, ya ce da kyar, "Bar mata." Na yi faɗa, na yi lallashi, har da hawayena. Ina! Farin kunu ba madara ya dinga sha, yana ramewa a gabana, ni kuma ina jin haushin 'yar maraƙar kamar in shaƙe ta, ina kuma ɗura mata ruwa.

Wata safiya ina shara, sai na ji ta kwarma kuka, ta miƙe tana tunkuyar hantsar uwarta. Na leƙa ɗakin Baba na tarar ya kasa kunne.

Ya ce, "To, uwar faɗa, kawo madarar. Wallahi yunwa nake ji."