Gefen Kaset na Kawun Abzin

Kwanan baya ina ratsa kasuwar Arlit na wuce ta gaban rumfar wani mai gyaran rediyo, sai na ji wani ɗan sauti da na daɗe ban ji ba: ƙwas ɗin nan da manyeto ke yi idan gefen kaset ya ƙare. Na tsaya da kwandona a hannu kamar wadda aka kira. Mai karatu, idan kai ɗan yanzu ne ba lallai ka san sautin ba, domin kiɗan zamaninku ba ya ƙarewa. Wannan na fita wancan na shiga, har barci ya sace ka. A zamaninmu kiɗa yana da farko yana da ƙarshe, kuma yana da mai shi. Idan ya ƙare sai a ɗaga kai a dubi wanda ya kawo shi, a gaya masa abin da aka ji.

Na tashi a gidajen da kamfani ya gina wa ma'aikata, layi-layi, fenti iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya. Garin sabo ne a lokacin, babu wanda aka binne kakansa a cikinsa. Kowa baƙo ne, kowa da inda ya baro zuciyarsa. Babanmu mutumin Damagaram ne, yana tuƙa ɗaya daga manyan motocin da ke kwaso dutse daga ramin ma'adinai. Maƙwabcinmu na dama Ba'adare ne daga wajen Tawa, mai walda, mutum mai dariya da dukan cinya. Sai wani tsoho Ba'abzine da ke ban ruwa a lambun kamfani, yana kwana a wani ɗan ɗaki a ƙarshen layinmu. Iyalinsa suna daji wajen Gugaram da awakinsu, sai ya yi watanni bai gan su ba. Ba mu haɗa jini da shi ba, amma Kawu muke ce masa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ni ma "kai" yake ce mini, innarmu ma "kai".

Da bazara bangon gidajen nan yakan riƙe zafin rana har bayan isha'i, ɗaki ba ya shiguwa. Saboda haka da an idar da salla sai a yayyafa ruwa a ƙofar gida, ƙasa ta yi wannan ƙamshin na ɗan lokaci, a shimfiɗa tabarmi. Kawu ya hura gawayi ya ɗora butar shayi. Mata suna bayan ɗan gajeren bango, suna tsince shinkafar gobe, ba a ganinsu amma babu abin da ke wuce kunnensu. Can nesa fitilun masana'anta suna ci, ba sa mutuwa. Zaman yana da iyaka: da motar masu aikin dare ta yi oda a bakin layi, an tashi ke nan.

Manyeton na Ba'adare ne, amma dokarsa ta babanmu ce, domin shi ne babba a layin bayan Kawu, kuma Kawu ba ya son shugabanci. An ce farkon zuwan manyeton kullum sai an yi musu, kowa na son nasa. Sai babanmu ya yanke cewa kowane dare mutum uku, kowa gefen kaset ɗaya. Idan na wani yana ci, ba mai tashi, ba mai kushe. Wanda aka saurari nasa, dole ya zauna ya saurari na sauran. In ya yi ƙwas, to bakinka naka ne.

Na babanmu garaya ce da waƙoƙin manoma. Na Ba'adare kiɗan kokawa ne, ganguna kamar za su fasa akwatin. Na Kawu kuwa kaset ɗaya ne tak, ba na kasuwa ba. Wani direba ne ya ɗauko masa a rugarsu: mata suna buga turmin da aka ɗaure wa fata, suna tafi, murya ɗaya tana ja sauran suna amsawa. A tsakiya har kukan akuya ana ji. Mai jan waƙar matarsa ce. Idan aka sa, yakan ja rawaninsa ya rufe har ƙasan ido, ya bar shayin ya yi ta tafasa. Kullum in ya ƙare sai Ba'adare ya ce, "Kawu, akuyag ga ta hi su murya." Kawu ya ce, "Shi ma ɗan gidanmu ne." Ba a taɓa fasa wannan ba, kuma ba a taɓa fasa dariya ba.

Daga baya na yi yawo. Fatauci ya kai ni Tamanrasset da Abijan da Kwatano da Jidda, na iya Faransanci da Larabcin kasuwa da ɗan abin da ya samu na wasu harsuna. Na ga inda ake zuwa gidan kiɗa a biya a zauna a kujera, na ga inda kowace rumfar abinci ke ƙure nata lasifikar don ta danne ta maƙwabta. Amma ban sake ganin inda mutum ke zama ya saurari abin da ba ya so, don kawai na maƙwabcinsa ne ba.

Ina da kamar shekara goma yayana ya zo. Shi ne ɗan fari, a hannun kakarmu ya tashi a Damagaram, daga nan ya yi makarantar koyon sana'a a Yamai, sai ya samu shiga garejin kamfani. Ya zo da wando mai faɗin ƙafa, da sumar da hula ba ta zama a kanta, da 'yar jaka cike da kaset na kiɗan Kwango. Ka san kunyar ɗan fari a wurinmu. Babanmu ba ya kama sunansa, ba ya zama ya yi hira da shi. "Wancan" yake cewa, ko "yaron nan". Innarmu ma haka. Suna sonsa kamar rai, amma babu hanyar da za a faɗa.

Yayana bai zauna a tabarma ko sau ɗaya ba. Da ya ci tuwo sai ya goge takalmi ya nufi cikin gari, can bayan gidajen kamfani, inda gidajen rawa suke. Gari ne cike da gwauraye masu albashi, nesa da idon iyaye, kuma inda ake rawa nan ake sayar da giya. A layin bayanmu an riga an sallami wani saurayi saboda ya je aiki a buge, ya tattara ya bar garin, uwarsa ta daina fitowa. Wannan shi ne abin da ke cin innarmu. Na ji su da babanmu wata asuba.

"Malam, ba za ka yi wa yaron nan magana ba?"

"Ke me ya hana ki?"

"Ni ba ɗan farina ba ne?"

"Ni fa na wane ne?"

Da babanmu zai yi magana, faɗa kawai al'ada ta bar masa, kuma ya san idan ya yi faɗa yaron zai kama ɗaki a cikin gari, shi ke nan an rasa shi.

Kawu ne ya tare shi. Wani dare yayana ya fito yana ƙamshin turare, ya rusuna ya gai da mutanen tabarma zai wuce. Kawu bai ɗaga kai daga butarsa ba ya ce, "Samari, can da kake zuwa, kiɗa yana kai ka ko wani abu?"

"Kiɗa ne, Kawu."

"To kawo shi nan. Mu ma kunne gare mu."

Babanmu ya dubi Ba'adare, domin ba zai dubi ɗansa ba, ya ce, "Gefe uku ne, kuma duk da masu su."

Kawu ya ce, "Na ba shi nawa."

Bayan bango hannun innarmu ya tsaya a cikin shinkafa. Kowa ya san abin da gefen nan yake a wurin Kawu, shi ne kaɗai lokacin da yake jin muryar gidansa. Babanmu bai hana ba. Dokar tasa ce, kuma bai taɓa cewa ba a kyauta da gefe ba.

Yayana ya koma ɗaki ya ɗauko kaset. Ya zauna a bakin tabarma da takalminsa a ƙafa, kamar mai shirin gudu. Aka danna. Jita ta fara zuba, siririya, tana hawa tana sauka kamar ruwan famfo a bokiti, sai ƙaho, sai wani mutum ya kama waƙa da harshen da ba wanda ya sani. Ina leƙe ta saman bango. Babanmu ya miƙe wuya, ya kafa ido a fitilun masana'anta, fuskarsa kamar ta mai shan maɗaci. Amma bai tashi ba, bai yi tsaki ba. Ba'adare kuwa babban yatsan ƙafarsa ya ci amanarsa, yana ta motsi.

Da ya ƙare, Ba'adare ya ce, "Kai yaro, mi yaka hwaɗi, wanga mutum?"

Yayana ya sosa ƙeya ya ce, "Ni ma ban sani ba."

Ba'adare ya doki cinya. "Kullum kana tahiya ka yi rawa, ƙila zaginka yaka yi."

Kawu ya ce, "Ku kun san abin da matana yake faɗi? Ƙila shi ma ku yake zagi."

Sai babanmu ya yi gyaran murya, ya ce wa Ba'adare, "Mai jitar yana da hannu. Mai waƙar ne kamar an taka masa ƙafa."

Yayana ya ce wa butar shayi, "Ai mai garayar ma ta hanci yake waƙa."

Sannan babanmu ya ce, har yanzu Ba'adare yake kallo, "Gaya wa wancan ya zauna ya ji ta hancin. Doka ce."

Ya zauna. Ya ji garaya, ya ji kiɗan kokawa, ya sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku. Kafin a gama motar dare ta yi oda, turarensa ya gushe, ya cire takalmi ya shiga ɗaki. A iya sanina wannan ce hira ta farko tsakanin babanmu da ɗansa, kuma ta kan Ba'adare da butar shayi aka yi ta.

Ba zan ce maka ya daina zuwa gari ba. Daren Asabar ba mai riƙe shi. Amma sauran darare yana tabarma, domin yana da abin karewa. Yakan wuni yana tunanin wanda zai sa da babanmu zai rasa abin kushewa, babanmu kuma bai taɓa rasawa ba. Har lokacin sanyi ya shigo, aka koma zama da barguna ana matsawa kusa da gawayi, suna wannan jayayya ta bakin mutum na uku.

Duk tsawon lokacin Kawu ba shi da gefe. Bai tambaya ba, yana dai dafa shayinsa. Sai wani dare da aka zo kan babanmu ya shafa aljihu ya ce kaset ɗinsa ya ɓace, a sa na Abzin kada gefen ya tafi a banza. Innarmu ta yi dariya ƙasa-ƙasa, domin ita ta gyara shimfiɗa ta gan shi a ƙarƙashin katifa. Daga ranar kaset ɗin babanmu yakan ɓace dare ɗaya ya bayyana dare ɗaya. Kawu ya ja rawaninsa ya rufe fuska, kuma a daren Ba'adare bai ce komai game da akuya ba.

Yayana bai rasa aikinsa ba. Daga gareji aka mai da shi Akokan, ya yi ta yi har aka rufe ramin can. Babanmu da Kawu da Ba'adare duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Da sanyin bana na je na kwana biyu a wurinsa. Ya tsufa, sumar ta tafi, hula ta samu wurin zama. A ƙofar gidansa jikokinsa da abokansu suna da fadarsu, benci biyu da butar shayi. Yara ne masu ladabi, sun tashi sun gaishe ni, sun kawo mini kofin farko. Amma kowa da salularsa, kowa da 'yan wayoyi a kunne. Wannan yana gyaɗa kai da sauri, na kusa da shi a hankali, wani yana dariya shi kaɗai. Yayana ya nuna su da haɓa ya ce mini, "Kin ga waɗannan, kiɗansu duk shirme ne."

Na ce, "Yaya, ka taɓa ji?"

Ya ce, "A ina zan ji?"

Sai ya ɗaga murya ya kira babban jikan. "Kai, ɗan nema, me kake ji ne haka?"

Yaron ya zabura ya cire wayoyin, ya danna salular ya tura aljihu. Ya ce, "Yi haƙuri, Kaka, na kashe."

Na ce, "Maigidana, ba faɗa ba ne. So yake ya ji."

Ya yi murmushi, ya ɗauka wasan jika nake yi masa. "Hajiya, ai ba irin naku ba ne. Ba zai so ba." Ya koma benci, ya jira muka kau da kai, ya mai da wayoyinsa.

Yayana ya daɗe yana kallonsa. Yaron gaskiya ya faɗa, ba zai so ba. Babanmu ma bai so na yayana ba har ya bar duniya, amma ya san kowace waƙa a cikin jakar nan, ya san inda ƙaho ke shigowa, yana da abin da zai ce. Ƙin kiɗan yara ba sabon abu ba ne, kowane tsoho ya yi shi. Abin da ya tafi, kuma ba zai dawo ba, shi ne a da tsoho yakan ji kiɗan kafin ya ƙi shi. Yanzu ko isa kunnensa ba ya yi.