Yadda Gwaggo Asabe Ta Samo Mini Gida

Ranar Juma'ar farko bayan Babbar Sallah, a shekarar da na cika bakwai, Gwaggo Asabe ta ɗora ni a kan okada a Obiagu, ta hau bayana ta rungume ni tare da ƙullin kayana. An yi ruwa da safe, jar ƙasar Enugu ta zama caɓi, mai okada sai kauce wa ramuka yake yi, ita kuwa tana ta yi masa faɗa da Igbo wai ya bi a hankali, ƙwai ya ɗauko. Ni dariya kawai nake yi, don ban taɓa zuwa Abakpa Nike, unguwar da muka nufa, ba. Ban san cewa an riga an kai maganata gidaje da dama an dawo da ita ba.

Gwaggo Asabe ba 'yar'uwarmu ba ce, matar limamin masallacinmu ce. Mahaifiyata ta rasu tun ina rarrafe, mahaifina kuma, mai sayar da albasa a Kasuwar Artisan, ya rasu a hatsarin mota yana dawowa daga Arewa. Dangin da ya rage mini kaka ce makauniya a wani ƙauye da ba asibiti, ni kuwa da sikila aka haife ni. In ciwon ya tashi, sai in ji kamar ana dandatsa ƙasusuwana da taɓarya. Gwaggo ta riƙe ni 'yan watanni, amma ta tsufa, gwiwoyinta ba sa kai ta nesa, ta ce in ta ci gaba da riƙona maraici biyu zan yi. Sai ta shiga bin gidajen Hausawa. Daga baya na ji cewa duk inda ta je ba ta ɓoye komai. "Yarinyar nan tana da ciwo, kuma ba ya warkewa," haka take fara magana. "Mai karɓa ya karɓa da saninsa." Mutane sukan yi mini addu'a, su ba da haƙuri.

Gidan da muka sauka ranar na Malam Idi mai tsire ne da matarsa Hajara, masu 'ya'ya uku duk maza. Ɗaki biyu gare su a wani dogon gidan haya da yawancin mazaunansa Igbo ne. Mama Hajara ta zaunar da ni a cinyarta, ta yi ta tambayar Gwaggo abin da ke tayar da ciwon, da maganin da nake sha, da ranar da ake ganin likita. Malam Idi yana gefe yana feƙe tsinken tsire har mata suka gama. Sannan ya ɗago ya ce, "Gwaggo, mun daɗe muna roƙon Allah 'ya mace. Ba mu dai gaya masa ta ƙofar da za ta shigo ba." Daga ranar na fara ce masa Baba.

Kowa da aikinsa a gidan. Yaya Nura, babbanmu, da ƙannensa su ke bin tankar ruwa da jarkoki, su daka ƙuli-ƙuli, su wanke farantan tsire. Ni aka ba ni tankaɗen yaji da ɓare tafarnuwa a inuwa, don an hana ni rana, an hana ni ruwan sanyi, an hana ni gudu. In ruwan sama ya sauko, yaran gida duk suka tuɓe suka fita tsalle, sai Mama ta naɗe ni da zani a baranda. Da Yaya Nura ya ga ina hawaye, sai ya ƙirƙiro tseren jiragen takarda a kwata, ya ce ni ce alƙaliya, kuma ba a musu da hukuncina. Na yi son kai ba kaɗan ba. A carafke kuwa babu mai ja da ni, tunda a zaune ake yi. Likita ya ce in riƙa shan ruwa da yawa, maganar ta bazu a gidan, har maƙwabciyarmu Mama Chika mai sayar da okpa, alalar gurjiya ta Igbo, wadda ba ta jin Hausa, ta haddace kalma uku: "Rabi, sha ruwa." Da su take gaishe ni, da su take yi mini faɗa.

Ina aji huɗu ciwon ya kayar da ni a filin makaranta. A asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa sosai, sai an yi mini ƙari, kuma na Baba da na Mama bai dace ba. Baba ya bar tukubarsa da wuta a ciki, ya ruga mayanka. Ba a jima ba sai ga mahauta sun cika barandar asibitin da rigunan aikinsu, har wata nas ta tsorata ta kira mai gadi. Aka yi ta gwaji, amma wanda jininsa ya dace shi ne mijin Mama Chika, direban bas, wanda ya zo don kawai shi ya kawo su a motarsa. Bayan an sallame ni, kullum ya gan ni sai ya ce rabina nasa ne, dole in amsa masa da Igbo. Baba kuma ya ce in haka ne ya fara tanadin kayan ɗakina. Mijin Mama Chika tsire kyauta ya ci har ya bar gidan.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare, ciwon yana nan, ni ma ina nan. Ina cikin matan da ke neman masu riƙon marayu marasa lafiya, kuma aikin ya samu tsari, ana bi ta ofishin jin daɗin jama'a da kotu, abin da ke kare yara da yawa. Sai dai hoton yaro yakan yi ta yawo a waya, kowa ya rubuta Allah ya ba shi lafiya, ya wuce. Nakan yi kewar lokacin da tsohuwa za ta shigo ɗakinka, ta shimfiɗa mayafinta, ta zauna tana kallon idonka har ka ba ta amsa. Gwaggo ta rasu, gidan hayar nan an rushe shi an yi shaguna. Amma har yau, in aka tambaye ni 'yar gidan wa ce, ba na tsayawa tunani.