Ƙwas-ƙwas da Sujada

Shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta koma Abuja, ni ma aka tattaro ni da keken bugun rubutuna. Na ce sakatariyar sabon birni ba ta shiga ofis da silifa, na sayi takalmi mai tsini, mai matsattsen baki, wanda tun daga ƙofa ake jin ƙwas-ƙwas ɗinsa. Titin ofishinmu ko kwalta ba a gama zuba masa ba, amma a kansa nake yanga.

Bayan wata shida tafin ƙafata ya ce bai san zancen ba. Can gaba, gindin yatsu, kamar na taka tsakuwa mai zafi. In cire takalmi in zazzage, ba komai. Sujada ce ta fi tayar mini da hankali: da na lanƙwasa yatsu, sai zafin ya harba har cikin kaina. Ban kai talatin da biyar ba, na koma sallah a zaune irin ta kakata. Wallahi kunya nake ji.

Magani kuwa na ga kala-kala. Maƙwabciyata a unguwar Gudu, 'yar Filato, ta ce ruwan ɗumi da gishiri. Ƙafa ta yi laushi, ciwo na nan daram. Man zafi ya cika mini ɗaki da wari. Ƙwaya ta fi su ƙoƙari, tana riƙe ni zuwa la'asar, sai dai ta riƙa ƙona mini ciki. Da na je asibiti, likita ya matsa wurin, na kusa shure shi. Ya ce jijiya ce ta kumbura tsakanin yatsu, saboda matsi.

"Madam, takalmi za ki canza."

"Haba likita, ba allura?"

Akwai allura, ya yi mini. Wata uku garau. Don murna na ƙaro wani ƙwas-ƙwas ɗin, ja. Ciwon ya dawo da gudunsa, likita ya ce allurar ba a yawaita ta, abin da ya rage kuma wuƙar tiyata ce.

Tsoron wuƙar ne ya kai ni tashar Jabi, wurin wani dattijo Bazazzagi mai ɗinkin takalmi. Na faɗa masa yadda likita ya ce, ya ɗinka mini mai faɗin baki, shafe da ƙasa, ya liƙa ɗan soso a ciki, daf da inda ke ciwo.

"'Yata, ba kyau fa," in ji shi.

Bai yi ƙarya ba, kwale-kwale sak. Oga ya kalli ƙafata ya tambaya ko lafiya. 'Yan ofis suka yi dariyarsu har suka gaji.

Wajen wata biyu bayan haka, na shimfiɗa darduma bayan durowar fayil don sallar azahar. Na ce bari in gwada a tsaye. Na yi ruku'u, na sauka, yatsu suka lanƙwasu, ina jiran harbin. Shiru. Na daɗe ban ɗago ba, har abokiyar aikina ta ɗauka wata babbar buƙata nake roƙo. Kuka kawai nake yi.