Maijidda, Mai Ƙirga Numfashin Yara

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah Ya karɓi ran Malama Maijidda Badamasi, ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu a Zinyau, bayan doguwar jinya. An yi jana'izarta a Rano bayan azahar.

Malama, da laifi na fara saninki. Shekara huɗu ke nan da na kawo miki 'yata Afra'u, tana da shekara biyu, da zazzaɓi da tari. Kika sa mahaifiyarta ta kwance goyo, ta rarrashe ta har ta daina kuka, ta ɗage mata riga. Daga nan kika ɗauko waya kika shiga latsawa. Ni kuwa, ɗan jarida mai ganin ya san halin ma'aikata, na ce, "Malama, in kin gama hirar, ga mara lafiya." Ba ki ko dube ni ba. Idonki na kan ƙirjin yarinyar, babban yatsanki na taɓa fuskar wayar duk lokacin da ƙirjin ya ɗaga.

Da minti ɗaya ya cika kika juyo mini da wayar. "Hamsin da shida, Baban Afra'u. Mai shekarunta bai kamata ta kai arba'in ba. Dubi yadda haƙarƙarinta ke lotsawa. Ba zazzaɓin sauro kaɗai ba ne. Ku wuce Rano yanzu, kada ku biya gida." A can aka tabbatar nimoniya ce, wato ciwon sanyin haƙarƙari. Kwana biyar muka yi, muka dawo da ita da ranta.

Daga baya na ji ba ni kaɗai na yi miki wannan fassara ba. Mata daga Lausu har Kibiya sun sha kai ƙorafin "mai latse-latse", kafin su koma neman layinki. Ba ki taɓa yanke ƙirga don kare kanki ba, domin mai ƙirga in ya amsa magana sai ya sake daga farko, yaron kuwa ba ya jira.

Na yi miki godiya tun a lokacin, amma neman gafara sai na yi ta ɗagawa. Da na ji jikinki ya tsananta, tsoro ya kama ni kada ki tafi da haƙƙinki a wuyana. Mako biyu kafin rasuwarki na je da Afra'u. Kika yi dariya, kika ce, "Ai ban ji ka ba, Malam Zulkifilu, ina ƙirga. Amma na yafe." Sannan kika dubi ƙirjin yarinyar, irin na sabo, kika ce lafiyarta lau. Na gode wa Allah da ban makara ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanya kowane numfashi da kika ƙirga a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Ubaidullahi, da 'ya'yanki, da abokan aikinki. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.