Dije Mai Karɓar Haƙoran Famfara

Kullum da hantsi Malama Dije, tsohuwar nas, takan rataya 'yar kularta mai ƙanƙara ta bi lungunan Kambarawa. Ba allura take yi ba, ba magani take rabawa ba. Haƙoran famfara take nema, kuma sai na yara masu galahanga, waɗanda ba sa magana, ba sa haɗa ido da kowa.

To wa zai ƙi zarginta? Mun saba yaro ya jefa haƙorinsa kan rufin ɗaki, sai ga mace tana sa shi a kwalba. Ta yi bayani har ta gaji: a cikin haƙorin akwai ƙwayoyin halitta na asali, masu bincike ke rainonsu su zama irin na ƙwaƙwalwa, a gano tushen lalurar ba tare da an taɓa kan yaro ba. Aka ce daɗin baki ne, matsafa take kai wa. Mai unguwa ya ce in ƙara ɗaya ta sake zuwa gabansa, Dije ta bar shiga unguwar ke nan.

Ana cikin haka Kulu, uwar Rukayya, wata mai galahanga 'yar shekara bakwai, ta miƙa mata haƙorin yarinyar a ɓoye. A lokacin, wata biyu ke nan Dije ba ta samu ko ɗaya ba.

"Babanta ya sani?"

"Haba Malama, wa zai gaya masa?"

Dije ta nufi inda uban, Malam Talle, ke jiran fasinja a kan babur, ta damƙa masa haƙorin.

"Na 'yarka ne. Ba na ɗauka sai da yardarka."

"In na ba ki, za ta yi magana?"

"Ban yi maka alkawari ba, Malam. Wataƙila sai 'ya'yan wasu su amfana."

Ya harare ta, ya jefa shi a aljihu. Haƙorin ya bushe, ya tashi a banza.

Ke ce kika zaɓi asara a kan ƙarya, Dije uwar marasa baki. Mun gode, kuma mun ji kunya. Masu shiga gidajen mutane da sunan bincike, ku koya daga gare ta.

Bayan wata huɗu Malam Talle ya yi sallama a ƙofarta, riƙe da kofin madara kamar yadda take koya wa iyaye don kada haƙori ya bushe. Haƙori na biyu na ciki.

"Har yanzu ban gane aikin nan ba," in ji shi. "Amma matsafi ba ya mayar da kaya."