Shekarar da Aka Ce Mu Bar Kwatas

Gidan da na haifi 'ya'yana duka a cikinsa ba namu ba ne, na kamfani ne. Maigidana shi ne mai kula da injina a wani kamfanin haɗa abincin kaji a Samaru, aka ba mu ɗaki biyu da falo a kwatas ɗin ma'aikata. Mun daɗe a wurin har na manta akwai ranar tashi.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa. Kafin mu kai shi asibiti a Shika ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Bayan an sallame mu kamfani ya yi masa ritaya saboda rashin lafiya, aka kuma ce mu kwashe kayanmu kafin wata ya mutu. Giratuti da fansho kuwa wai ana dubawa. Na je ofis da kaina. Manaja ya karɓe ni da mutunci, ya ce abin ba a hannunsa yake ba, wanda ya maye gurbin maigidana yana jiran gida.

Mutumin da ban taɓa tunanin tunkara ba shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikata, wanda kowa ke kira Ciyaman. Kirista ne daga wani ƙauye kusa da Zariya, direban babbar motar kamfanin. Shekarun baya, da aka soke bonas ɗin ƙarshen shekara, shi ya jagoranci yajin aiki. Maigidana ya ƙi shiga, ya ce injina za su lalace in aka bar su. Ma'aikata suna tsaye a bakin get ya ratsa su ya wuce ciki. Yajin ya watse, aka dakatar da Ciyaman na wani lokaci, tun daga nan ko gaisuwar kirki ba sa yi.

Shi ne kuwa ya yi sallama a ƙofarmu wata la'asar, ina tsakiyar ɗaure kwanuka a buhu.

Ya ce, "Maman yara, kwance kayan nan. Ko tsintsiya kada ki fitar daga gidan nan."

Ya shiga falo ya zauna kusa da Malam, maigidana. Malam ya yi ta ƙoƙarin magana, baki ya ƙi, sai hawaye. Ciyaman ya riƙe hannunsa mai lafiya ya ce, "Oga, har gobe ina ganin ba ka kyauta mana ba a wancan lokacin. Amma wannan daban. In suka fitar da kai a haka, mu ma haka za su fitar da mu."

Kashegari ya kai ni wurin lauyar ƙungiya a Sabon Gari, a saman wani shagon kayan gyaran mota. 'Yar kudu ce haifaffiyar unguwar, tana yi mini Hausa tsaf, in ta juya ga Ciyaman sai su koma Turancin kasuwa. Ta bayyana mini cewa akwai yarjejeniya tsakanin kamfani da ƙungiya, kowa ya san da ita: ba a tayar da ma'aikaci daga gida sai an biya shi haƙƙinsa. Ta kuma ce an daɗe ana cire kuɗin fansho daga albashin mutane ba a zuba shi inda ya kamata, ba mu kaɗai abin ya shafa ba.

Na ce, "Lauya, ni fa ban taɓa shiga kotu ba."

Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ke zama kawai za ki yi. Surutun nawa ne."

Zaman kuwa na sha shi. Mu tafi Kaduna kotun ma'aikata, a ɗage, mu dawo. Kotu ta hana a tashe mu kafin a gama shari'a, sai aka wayi gari famfon gidanmu ya daina kawo ruwa, na kowa yana kawowa. Maƙwabciyata, matar wani makanike, ta jefo mana tiyo ta saman katanga. Da aka yi wa mijinta gargaɗi, ta ce a zo a gaya mata da baki, ba wanda ya zo. Ranakun da zan je kotu ita ke zama da Malam, ta ba shi kunu, ta juya shi.

Akwai lokacin da na gaji. Na ce wa Ciyaman mu haƙura, zan kai Malam gidan yayana mu raɓa. Bai yi mini musu ba. Ya ce in na janye ba wanda zai ga laifina, amma in tambayi mai gidan tukuna. Na tambaye shi. Malam ya ɗaga hannunsa na hagu ya bugi hannun kujera, ya girgiza kai. Muka ci gaba.

A ƙarshe kamfani ya nemi sulhu. Ba duk abin da aka nema aka samu ba: bonas bai dawo ba, giratutin ma kashi-kashi aka biya. Amma an zuba kuɗin fanshon kowa, kuma mun fita daga kwatas da ƙafarmu, zuwa wani ɗan gida da muka saya a Hanwa ko filasta ba a yi masa ba. Ma'aikata ne suka yi mana dakon kaya.

Ba a daɗe ba aka mayar da Ciyaman wani reshen kamfanin can nesa, kowa kuma ya san dalili. Ranar tafiyarsa Malam ya dage sai an kai shi tasha. Muka ɗauko mai adaidaita, muka tallabe shi ya shiga. A lokacin ya fara haɗa kalmomi kaɗan, ya kama rigar Ciyaman ya ce, "Allah ya saka." Ciyaman ya ce amin, ya durƙusa ya gyara masa takalmin da ya zame, sannan ya hau mota.

Malam ya ƙara wasu shekaru tare da mu a Hanwa kafin Allah ya karɓi abinsa. Fanshonsa ya riƙe mana magani da makarantar autarmu. Ciyaman ya yi ritaya shi ma, ya koma ƙauyensu yana noman masara da citta, yakan kira ni ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ina sa shi a addu'a, shi da lauyar da maƙwabciyata.