Tsamiya da Layin Laka a Unguwar Lalle

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Sakkwato, ni da abokin aikina na ɗakin gwaji, cikin wata tsohuwar mota da ta fi fasinjojinta tari. Shi tsamiya ya fito nema. Ni kuwa hukunci na tafi karɓa, don Baba ya aiko cewa shekarun da na kwashe ina "karatun tsami" sun isa: ko in zo in faɗa masa amfaninsa, ko in dawo gida in kama gona.

Hanya dai sai addu'a. Daga Goronyo shingayen jami'an tsaro suka fara, ga kuma gonakin da aka gudu aka bari ko'ina. Amma Sabon Birni na nan da ranta. Kasuwa cike, albasa ta yi araha, kuɗin babur kuwa sai ka ɗauka jirgi za ka hau. Mun sha fura wurin wata Bafulatana. Abokina ya tsaya yi mata bayanin sinadarin da ke sa nono tsami, ta ce ya shanye ya ba ta ƙwaryarta. Daga nan muka leƙa Isa ya cika jakarsa da tsamiya.

Washegari da hantsi muka iso Unguwar Lalle, muka iske ana gayyar ginin rumbun Baba. Maza sun jeru daga wurin kwaɓi har gindin rumbu, curin laka na tafiya hannu zuwa hannu. Ban gama gaisuwa ba Baba ya ce, "Tuɓe rigar boko ka shiga layi. Daga nan za ka hwaɗa mani mi kaka yi."

Laka a hannuna, na fara. Na ce tsamin tsamiya ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna riƙe da juna a jere kamar mu. Akwai wani ɗan mitsitsin abu, furoton, da ke ratsa layin: kowace ƙwaya ta karɓi ɗaya ta wannan gefe, sai ta miƙa nata ta wancan. Saurin miƙon nake aunawa, don muna fatan wata rana irin wannan tsamin ya ba da batir mai araha.

Ana cikin haka wani ya fita shan ruwa. Laka ta tsaya, magini ya hau faɗa daga sama.

Baba ya dube ni. "Su ma in guda ta hita hwa?"

"Sai miƙon ya tsaya, Baba."

Ya juya ya ci gaba da aikinsa har aka tashi. Na ɗauka bayanina bai shige shi ba, har na fara kallon fartanyar da ke rataye a zaure.

Da za mu tafi, ya fito da buhun tsamiyar gidanmu. Bai ba ni ba. Ya miƙa wa Inna, ta miƙa wa ƙanena, shi ga maƙwabcinmu, har buhun ya iso ni bisa babur.

"Ga hurotonka nan," in ji Baba. "Koma wurinka cikin layi. Gona akwai masu riƙonta."

Kowa ya yi dariya, ni hawaye suka zubo mini.

Mun dawo Sakkwato lafiya, da sauran laka a farcena. Na daɗe ina zana wannan bayani a allo, ashe sai na shiga layi da ubana zai ji ni.